Tuffar da Na Zuba wa Awaki

Wai a ina maigidana Malam ya taɓa cin tuffa? Shekara arba'in da wani abu muna zaune, ban taɓa ganin ta a hannunsa ba, ban taɓa jin ya ambace ta ba, sai da ciwon ajali ya kwantar da shi. Ko can bakin teku ne wani ya ba shi, lokacin da yake zuwa cin rani? Na tambayi ƙannensa, ba wanda ya sani. Ni ban yi boko ba, matar ɗana ce ke rubuta maganar nan, don 'yan uwa na nesa su ji abin da ya kai ni Dogon Dutsi mako guda da fita takaba.

Da Malam ya nemi tuffa, ɗanmu na fari, wanda ke ɗinki a Dutsi, ya hau babur ya kawo leda guda, ƙanana a ciki. Na fere ɗaya, na yayyanka, na rufe a kwano saboda barci ya ɗauki Malam. Da ya farka na buɗe, sai na ga farin naman ya koma kalar tsatsa. Na ce ta ruɓe. Na haɗa da sauran ledar na zuba wa awaki. Malam yana kallon kwanon, amma baki ya riga ya yi nauyi. Bayan kwana biyu Allah ya karɓi abinsa. Ni kuma, da ko sunan ɗan nan ban taɓa kira ba saboda kunyar ɗan fari, na buɗe baki a gaban mutane na ce ya saya wa ubansa ruɓaɓɓen abu don arha. Tun ranar sai dai ya yi aike, ba ya zuwa ya zauna. Wata maƙwabciya ta ce ai ta leda duk haka take, ta kirki ita ce wadda ake jerawa ɗaya-ɗaya a tire. Na ce sai na gani da idona.

Mun tashi da asuba ni da ƙanwata, a amalanken wani mai kai wake Matankari. An gama girbi, dammunan hatsi jibge a bakin rumbuna, shanun Fulani sun shiga gonaki suna cin kara. A tashar Matankari muka sayi masa ta dala ashirin a kuɗin sefa, ƙanwata tana mitar cewa masar bana ta fi kunnen jariri ƙanƙanta. Motar da muka samu ƙofarta da igiya ake ɗaure ta. An cusa mu baya tare da buhunan gyaɗa da wani rago da ya kama bakin zanena yana tauna har muka hango dutsen garin.

Rabona da kasuwar Dutsi shekara shida. Babura sun yi yawa, kowa kuma da waya a kunne. Na tambayi mutum uku inda mai tuffa yake suna kallona, sai wata mai sayar da kopto, kwaɗon ganyen nan, ta ce a nan "pom" ake cewa, ta nuna mana wani dattijo a ƙarƙashin rumfa kusa da masu ayaba.

Iri biyu ne a gabansa. Na tire manya ne, jajaye, suna sheƙi kamar an shafa musu man shanu, kowace da ɗan tambarin takarda a jikinta, ɗaya dala hamsin. Na leda ƙanana, ja da kore a gauraye, an ɗaure bakin, ledar jaka ɗaya da rabi, wato dala ɗari uku. Na ɗauki ta tire na juya, na shinshina, kamar yadda nake zaɓen goro. Ta leda kuwa ba ka da ikon taɓawa sai ta bayan roba. Dattijon ya ce gaskiya ne, wani lokaci akan samu mai tabo ɗaya ta ɓuya a ƙasa. Amma ya ce ta tire ma tana da nata, domin hannu ɗari ke matsa ta a wuni, rana kuma tana dukan ta.

Na sayi ɗaya ta tire da leda guda, na ce ya yanka mini kowace biyu. Haƙorana sun ragu, don haka a hankali na bi. Babbar nan mai sheƙi tana da zaƙi, amma ta yi laushi, tana marmashewa a baki kamar rogon da ya dahu ya wuce. Ƙaramar ta leda da na gatsa sai da ta yi ƙara, ruwa ya cika mini baki, zaƙi da ɗan tsami. Ƙanwata ta ce babbar ta dace da mu tsofaffi, ƙaramar kuma ta fi daɗi, sai dai a ari haƙora. Muka zauna a bencinsa muna gardama, sauran rabi biyun suna ajiye a kan takarda.

Da na waiwaya, dukansu biyu sun koma kalar tsatsa. Har da mai tsadar.

Na nuna wa dattijon. Ya yi dariya ya ce, "Inna, ai haka take in ta sha iska. Ko gauta kika yanka kika ajiye, ba ya sauya kala? Lafiyarta lau." Ya ɗauki ɓalli ya jefa a baki. Ni kuwa na zauna na yi kuka a tsakiyar kasuwa, ƙanwata tana rufe ni da mayafinta, dattijon yana tambayar ko wuƙarsa ce ta yanke ni.

Daga nan muka nemi shagon ɗana. Ya sauko daga kan keken ɗinki ya durƙusa ya gaishe mu, idonsa a ƙasa. Ban san yadda uwa ke neman gafarar ɗan fari ba, ba a koya mana ba. Sai na kwance bakin zane, na fito da rabin ƙaramar nan da ta yi duhu, na cinye ta a gabansa. Na ce, "Mai kyau ka kawo masa. Ni ce ban sani ba." Da ya ɗago, ya ce mu jira ya kira mana mota mai ƙofa.

Mun iso gida kafin magariba. Ranar Juma'a ɗan nawa ya zo da matarsa, ya zauna a tabarmar ubansa har la'asar, ga shi can ma yanzu yana gyara ƙofar garken awakin. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne, abin da ban sani ba in tambaya kafin in zubar, balle in ɗora wa wani. Tuffa dai, ta leda da ta tire, kowace da halinta, kuma da an yanka a ci.

Saura uku a ledar. Na kasa yanka su, domin da na ɗauki wuƙa sai in ji muryar Malam a safiyar nan, kafin barci ya ɗauke shi: "Yanka ki ajiye. In na tashi mu ci tare, ke ma ki ji yadda take."