Dattijon da Ke Kula da Ɗakin Sandunanmu

Mutane da yawa ba su san an taɓa buga hoki a Funtuwa ba, ƙwallon nan da ake kora da lanƙwasasshiyar sanda. To an buga, ni ne ma kyaftin. Mu ba wasu ba ne, malaman firamare ne da teloli biyu da wani mai gyaran injin ban-ruwa da ke tsare mana raga. Filinmu na bayan wata tsohuwar ma'ajiyar auduga, a gefensa akwai ɗakin da muke sauya kaya.

Ɗakin yana hannun wani dattijo Bamaguje daga wajen Maska, Baba muke ce masa. Da hantsi yake isowa a kan kekensa. Shi ke wanke riguna ya rataye wa kowa tasa a kan ƙusarsa, kuma bai taɓa ba wani ta wani ba, alhali ko lamba bai iya karantawa ba. Shi ke shafa wa sanduna mai don kada su tsage, ya naɗe mariƙin da ya sale da robar tayar keke, ya cika randa. Mu kuwa sai mu shigo da laka har gwiwa, mu watsar da safa duk inda ta faɗi, mu fice ko sannu babu. Idan mun ci wasa a ɗauke mu hoto, Baba yana can ciki yana tsintar bandejin da muka yar.

Da damina ta sauka yakan zagaye gindin bango da toka, ya cusa ganyen darbejiya cikin akwatin sanduna, saboda gara. Ba wanda ya taɓa kula, don ba wanda ke kallon ƙasa a ɗakin.

Wata shekara aka lallasa mu sau uku a jere. Gaskiyar magana ba ma zuwa atisaye, rabinmu suna gona suna zuba wa masara taki. Amma wa zai faɗi haka? Shugaban kulob ɗinmu, wani Alhaji dillalin hatsi, ya zo da kansa ya ga abin da ke faruwa. Ranar ce ya fara sa ƙafa a ɗakin. Ya tsaya yana bin tokar da ido, ya buɗe akwati ya ga ganye, sai ya ja da baya yana a'uziyya. Ya sa aka tara mu duka, aka kira Baba.

“Malam, mene ne wannan ka kewaye mana yara da shi?”

“Toka ce, Alhaji. Maganin gara.”

“Gara a ɗakin siminti? Ka ji shi ko. Shi ya sa ƙafafunsu suka yi nauyi a fili. Mu ba ma haɗa wasanmu da tsafi.”

Baba bai yi musu ba. Ya juyo ya dube ni, ni kaɗai. Na kuwa san gaskiya sarai, don a gidan da ke da rumbu na tashi, da hannuna na sha barbaɗa tokar nan. Amma sai na sunkuyar da kai ina kwance igiyar takalmi. Alhaji ne ke ba mu motar zuwa wasa Kaduna, kuma ya fi mini daɗi a ce an ɗaure mu da a ce ni ne ban iya riƙe ƙungiya ba. Wasu ma har da gyaɗa kai, wai dama sun daɗe suna jin jikinsu wani iri. Mutanen da dattijon nan ya shekara bakwai yana wanke wa gumi!

Baba ya ajiye makulli a kan benci, ya ja kekensa ya tafi.

Alhaji ya kawo wani surukinsa ya maye gurbin Baba, shi kuma ya share tokar tas, kullum yana kwarara wa daɓen ruwa don ya yi ƙyalli. Ba a kai kaka ba gara ta biyo tsagar bango ta shiga akwati. Na ɗaga sandata na ji ta shafal kamar karan dawa. Sanduna goma sha ɗaya suka tafi, kuma ba a samun irinsu a kasuwarmu. Maganar tsafi ta mutu, kowa ya zama kamar ba shi ya yi ta ba. Alhaji ya kira ni gefe ya ce in hau babur in je in lallaso tsohon ya dawo, a yi abin cikin rufin asiri.

Na same shi a gona yana girbin waken suya. Muka gaisa, ya sa aka kawo mini ruwa, na isar da saƙo. A nan na ji cewa labarin ya riga ni zuwa ƙauyen tun tuni, har mata sun daina sayen daddawar matarsa ranar kasuwa.

“Za a sake tara mutanen nan ne a faɗa a gabansu cewa ban yi ba?”

“Alhaji dai bai ambaci haka ba, Baba.”

Ya karkaɗe ƙasa daga saiwar waken.

“Alhaji ban riƙe shi ba. Shi a buhu yake ganin hatsi, bai san yadda ake ajiye shi ba. Kai kuwa, Malam, ɗan manomi ne. Shi ya sa kai na duba.”

Ya sunkuya ya ci gaba da aikinsa, ni kuma na tada babur na koma Funtuwa ni kaɗai.