Gogen Elzie Bai Kwance Ba

Tun ambaliyar shekarar hamsin da bakwai, wadda ta ɗauke gadar katako ta ajiye ta a gonar masarar mutanen ƙasan rafi, ban ƙara ganin jama'ar kwarin nan sun fito ƙofar gida gaba ɗaya sun yi cirko-cirko ba, sai safiyar Talata, goma sha ɗaya ga watan Oktoban bana. Ranar ce labari ya bi rafi daga sama har ƙasa cewa Elzie Brashear mai goge ya rasu. An same ka a kujerarka ta baranda, Elzie, takalmi a ƙafa, ruwan kofin da ka zuba bai gama hucewa ba.

Ni ne Corbett Maggard, abokinka tun muna satar tuffa. Ban zauna a aji ba, Oma ta gidan waya ce take rubuta wannan, kuma na gaya mata kada ta gyara mini magana. Idan ta fito a karkace, haka bakina yake.

Mutane za su ce gwanin goge ya tafi, kuma gaskiya ne. Ni abin da na fara tunawa shi ne bayanka. Ranar ambaliyar nan ruwa ya kai mana ƙirji a tsakar gida, uwata ba ta iya tafiya, ka zo ka goya ta, akwatin gogenka ɗaure a kanka da igiyar shanya. Tana ta yi maka faɗa a kunne, wai ka yar da akwatin shaiɗan ɗin nan kafin ya nutsar da ku duka. Kai kuwa ka ce mata, "Inna, riƙe ni dai da kyau, shaiɗan ɗin ya fi ki rashin nauyi." Da muka taru a makarantar kan tudu, yara na kuka, ka buɗe akwatin ka yi ta kiɗa har uwar tawa ta fara buga ƙafa a ƙarƙashin bargo. Har ta mutu ba ta yarda cewa ta buga ƙafar ba.

Ramin kwal ya cinye mini yatsu uku na hannun hagu, ƙarar injin haƙa kuma ta tafi da rabin jina. Kai ka fito da baƙin huhu na ƙurar kwal, amma yatsunka sun tsira. Da ka ga na daina zuwa wurin kiɗa don ba na ji sosai, sai ka zo gidana ka ce in kafa haƙorana a kan gogen, can wajen murɗin katakon. Na ce ka haukace. Ka ce, "Ciji, kurman banza, ai ba naman alade ba ne da za ka ƙare shi." Na ciza, ka ja baka a kan tsirkiya, kiɗan ya bi ta haƙorana ya cika mini kai. Tun daga ranar haka nake jin kiɗanka. Shaidar haƙorana tana nan a jikin katakon, duk wanda ya duba zai gani.

Haka muka raba aiki. Kai ne hannu, ni ne mai riƙe asali. Idan aka je taron makaɗa na ƙarshen bazara a filin bayan gari, inda motoci suke cika har bakin rafi, ba ka son hawa dandamali. Ka fi son gindin wata babbar bishiya a bayan motoci. Baƙi daga birane su kewaye ka da rikodarsu, ka yi musu kiɗa har rana ta faɗi, ba ka taɓa korar kowa ba. Idan sun tambayi inda wani kiɗa ya fito, ka nuna ni da baka ka ce su tambayi wancan tsohon, shi ne ba ya mantuwa kuma ba ya yin shiru. Ni kuma in jero musu: wannan daga kawunka Squire, shi daga wani baƙar fata mai aikin shimfiɗa layin dogo da ake kira Mose Tarter, shi kuma daga uwarsa.

Kiɗa ɗaya ne ba ka taɓa bari ya shiga rikoda ba, wato Rakiya.

Duk ɗan kwarin nan ya san ta. Idan an ɗauko akwatin gawa za a hau tudun maƙabarta, akwai wata kwana inda hanya take tsayawa tsaye, masu ɗauka su huta. A nan kake jira. Kafin su iso ka riga ka shiga bayan wani dogon itace da muke kira sida, ka ba mutane baya, ka murɗa kunnuwan gogen ka sauya wa tsirkiyoyin huɗu ɗauri, irin ɗaurin da ba a yin wani kiɗa da shi sai wannan. Babbar tsirkiya takan sauka ƙasa ta yi ta nishi a ƙarƙashin sauran kamar saniyar da aka raba da ɗanta. Da wannan kake raka mamaci har bakin rami. Ana gama rufe ƙasa, ka koma bayan itacen ka mayar da gogen ɗaurinsa na kullum, domin tun zamanin Squire an ce goge ba ya kwana da ɗaurin Rakiya. Idan ya kwana da shi a gida, zai kira wani daga gidan zuwa kabari.

Ka raka kowa, Elzie. Ka raka shugaban leburorin da ya kore ka daga aiki ana tsakiyar sanyi. Ka raka mai wa'azin da ya shekara yana zaginka daga kan mumbari, har matarsa ta zo ta riƙe maka hannu tana kuka. Ka raka matata Delphia, kuma bayan kowa ya watse ka zauna da ni a kan tudun har na iya miƙewa. Ka raka ɗanka Arvel da rufin rami ya faɗa wa, shi da ka yi niyyar bar wa ɗaurin. Ranar na ce maka ka bari, babu wanda zai ga laifinka. Ka ce idan ba ka yi ba, wa zai yi?

To ga shi mun gani. Ranar Alhamis muka hau da kai. Da aka zo kwanar nan, masu ɗauka suka tsaya da kansu, ba wanda ya ce su tsaya, ƙafafunsu ne suka saba. Kowa ya juya yana kallon itacen sida. Babu kowa a bayansa. Na buɗe baki in rera maka da murya, tunda kiɗan yana cikin kaina daga farko har ƙarshe, abin da ya fito kamar ƙarar tsohuwar ƙofa. Wata mata ta dafa ni ta ce ya isa. Haka aka ƙarasa da kai, ba a jin komai sai takalma a kan tsakuwa. Mutumin da ya raka kwarin nan kaf, shi aka kai babu rakiya.

Yanzu bari in faɗi abin da ya hana ni zama, wanda saboda shi na sa ake rubuta wannan.

Safiyar da ka rasu, da muka shigar da kai ɗaki, na ga gogen a rataye a ƙusarsa. Na ɗauko shi don kawai in riƙe wani abu naka. Na ciji kansa yadda na saba, na taɓa tsirkiyoyin da babban yatsa. Ɗaurin Rakiya ne. Kai da ba ka taɓa barin sa ya wuce faɗuwar rana a haka ba, ka ɗaure shi ka rataye, ka fita baranda ka zauna. Ba mantuwa ka yi ba, na san ka. Ka ji abin yana zuwa, ka rasa wanda za ka ba, girman kai kuma ya hana ka aika a kira wadda ta dace, sai ka bar shi a jikin gogen don mai kunne ya zo ya ɗauka.

'Yarka Lavonne ta ga fuskata ta tambaye ni, na gaya mata gaskiya. Ta karɓi gogen da gefen rigarta kamar mai ɗaukar garwashi, ta mayar da shi ƙusa, ta ja ɗakin ta sa kwaɗo. Kowa ya san mijinta Doyle yana kwance a ɗakin da ke jikin naka, huhunsa ya ƙare kamar naka, da tulun iska yake numfashi.

Na koma wajenta bayan jana'iza. Tana wanke kwanukan da maƙwabta suka kawo wake da burodin masara, ba ta ko juyo ba.

"Kawu, kai ka faɗa mini da bakinka ina yarinya, goge ba ya kwana da ɗaurin nan. Ko ƙarya ka yi mini?"

Na ce ban yi mata ƙarya ba, amma ubanta da gangan ya bar shi.

"To da gangan ya bar mini mutuwa a ɗaki ke nan? Tun ranar Doyle bai yi barcin kirki ba. Ni ma ina son kiɗan nan, da shi aka raka uwata. Amma kiɗa ba zai zauna da ni a tebur ba, Kawu."

Ta ce babu wanda zai yarda ya murɗa kunnuwan, tunda wanda ya ɗaure ne yake kwancewa. Don haka ranar Lahadi bayan an tashi coci ƙanen Doyle zai zo da filaya ya datse tsirkiyoyin. Ban iya yi mata faɗa ba. Da Delphia ce a kwance a ɗakin, ban san abin da zan yi ba ni ma.

Kuma ko ba filaya, sanyi yana aikinsa. Ba a hura murhu a ɗakin tun da ka tafi. Katako yana tsukewa, kunnuwa suna zamewa kaɗan-kaɗan. Kowace safiya da na ga raɓa ta daskare a kan shinge, na san wani abu ya ragu a ɗaurin nan. Ni ban san sunayen muryoyin tsirkiya ba, kai ma ba ka sani ba. Ba zan iya gaya wa wani yadda suke ba. Abin da ke kaina rabi ne, ɗaya rabin yana bayan kwaɗo.

Mutum ɗaya ce ta rage mai kunnen da za ta taɓa tsirkiya sau ɗaya ta riƙe har abada, Ozella Napier ta bayan dutse. Ita ce ta kayar da kai a gasar taron makaɗa har ka shekara kana cewa alƙalan sun sha giya. Duk haɗuwarku sai ta tambaye ka ko har yanzu kana saran itace da wannan bakan, kai kuma ka ce mata kyanwarka ta fi ta iya kuka. Amma na sha ganin ka a bayan motoci ka ajiye gogenka a cinya kana sauraron ta, ido a rufe.

Yau da sassafe na bi motar mai kai wasiƙu na haye dutsen. Na same ta a baranda tana zura ɗanyen wake a zare don shanya. Ta saurare ni har na gama, hannunta bai tsaya ba.

"Corbett, tun gashina yana baƙi nake roƙon tsohon nan ya koya mini ɗaurin Rakiya. Ya ce na ɗansa ne. Ɗan ya mutu, ya ce sai ya yi tunani. Yanzu in je in fasa ɗakin da 'yarsa ta kulle? Ni ba na yi wa gawa sata."

Na roƙe ta yadda ban taɓa roƙon mutum ba, har na cire hula. Daga baya ta ce idan Lavonne ta miƙa mini gogen da hannunta, in kawo mata, za ta ɗauki ɗaurin, ni kuma in yi ta rera mata da wannan muryar tawa ta kwaɗo har ta haɗa kiɗan, ko zai ɗauki sanyin bana duka. Amma gogen ba zai kwana a gidanta ba. Tana da jikoki a ƙarƙashin rufinta.

Kowa yana da wanda yake tsoron a kira masa, Elzie. Da nake dawowa a motar, na yi ta lissafin gidajen kwarin nan ɗaya bayan ɗaya, sai na tarar gida ɗaya ne babu kowa a ciki sai tsoho guda.

Ubangiji ya jiƙanka, ya yafe maka taurin kanka kamar yadda nake fata ya yafe mini nawa. Ya saka maka da kowane mamaci da ka tsaya wa a kwanar nan cikin ruwa da ƙanƙara. Ya haɗa ka da Arvel da uwarsa a inda babu ƙurar kwal. Lavonne, 'yata, Allah ya ba ki haƙuri, ya sassauta wa Doyle numfashinsa, ya bar miki shi. Ina yi wa dangin Brashear na nan da na jihar Ohio ta'aziyya, da duk wanda ya taɓa zama a gindin babbar bishiyar nan. Wanda ya karanta wannan ya yi wa Elzie addu'a, idan da saura ya yi wa tsirkiya huɗu addu'a su riƙe.

Gobe Asabar. Da gari ya waye zan sa baƙar kwat ɗina, in ɗauki bargon Delphia, in gangara gidan Lavonne. Ba zan yi mata gardamar ko maganar Squire gaskiya ce ba. Zan ce mata ta buɗe ɗakin ta miƙo mini gogen, daga ranar a gidana zai riƙa kwana, a ƙusar da ke saman gadona, har Ozella ta gama ɗauka. Idan kira yake yi, ya ga wanda zai kira, Doyle ya huta. Zan naɗe shi a bargon don kada sanyi ya taɓa kunnuwan, in rungume shi, in tsaya a bakin hanya in jira motar wasiƙu. Idan ta ƙi buɗewa, zan zauna a kan matakalar ƙofarta, mai filaya ya zo ya same ni a nan.