Kan Sukari Daga Kamiyo

Shekarun da Faransawa suka tafi, ni karen mota ne a kamiyo, babbar motar kaya da ke bin hanyar Dogon Dutsi. Direbanmu ba ya tsayawa a ƙauyenmu na wajen Kiyeshe, don yashi na riƙe taya. Saboda haka mun saba jefa wa dangi tsaraba mota na gudu: goro, sabulu, ɗan yadi.

Ranar nan kan sukari na saya wa ƙanwata, irin mai tauri kamar dutse. Tana bakin hanya tana ɗaga hannu. Na cilla mata a hankali, yadda ake miƙa wa yaro ƙwallon goruba. Ya same ta a idon hagu. Motar ba ta tsaya ba, ni ma ban buga ƙarfe don a tsaya ba.

Idon ya mutu. Gida aka ce da ƙarfi na jefa, na rantse ban yi ba.

Wani malamin lakwal, wato makarantar boko, irin waɗanda muke ce wa mushe, da muke ɗaukowa daga Doso, shi na kai wa kukana. Ya ce, “Samari, kai da kake cikin mota, a wurinka sukarin tafiyar hawainiya ya yi. Ita da ke tsaye, da gudun kamiyon duka ya iso mata. Masana sun ce ko ƙwayar da ido ba ya gani, mai gudu kusa da saurin haske, wanda ke binta zai auna ƙarfinta kaɗan, na tsaye ya auna da yawa. Kowa awonsa daidai ne. Nauyinta na asali kawai suka yarda a kai.”

Rabin maganar na ɗauka. Na je gida da fara'a kamar mai albishir, na zauna gaban ƙanwata na kwashe bayanin duka, har ina zana mota a ƙasa da tsinke.

Ta juyo da fuskarta gaba ɗaya, don yanzu haka take duban mutum. Ta ce, “To, yaya, gaskiyarka. Sai ka gaya wa idon.”

Gafara ya kamata in roƙa, amma hujja na kawo. Daga ranar ba ta ƙara yi mini faɗa ba, ba ta kuma ƙara fitowa bakin hanya ba. Aure ya kai ta Dumega. In na je, ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo fura, ta tambayi iyali. Sau nawa na buɗe baki, sai ta ce, “Sha furarka, yaya.”

Kullum ta ɓangaren hagunta take zaunar da ni.