Gitar da Aka Auna wa Isufu

Abubuwa uku ne ke nuna gari ya shiga sahun manyan garuruwan duniya: asibiti, da gidan waya, da gitar bas. Biyun farko Gure ta samu tun kafin a turo ni. Ta ukun ni na kawo, kuma ranar da na kawo ta ta ƙi fita daga raina, duk da na sha ba ta hanya.

Ku da kuka fara koyarwa kwanan nan ba ku san wancan zamanin ba. Bayan babban fari, da soja suka karɓi mulki, aka ce kowace gunduma ta kafa ƙungiyar kiɗan zamani, wadda muke ce wa orkes, saboda gasar matasa a Damagaram. Irin wannan aikin malamin lakwal, wato makarantar boko, ake ɗora wa, musamman baƙo wanda bai koyi cewa a'a ba. Kumandan, wato shugaban gundumar, ya kira ni biro, wato ofishinshi, ya ce, "Mushe Abdu, an ce kana da karatu. Ka haɗa mana orkes." Mushe dai shi ne malam a bakin 'yan lakwal. Ban ga inda karatu ya gamu da kiɗa ba, amma na ce to.

Muna da ganguna, da tsohuwar gita, da ampili mai ƙara sauti. Bas ce babu, doguwar gitar nan mai tsirkiya huɗu masu kauri, wadda ƙirji ke ji kafin kunne. Mai kaɗa ta kuwa muna da shi: Isufu, malamin asibiti, ɗan gari, wanda ya koya a Yamai lokacin karatun jinya. Da yake babu gitar, a wurin gwaji da baki yake yin nashi kiɗan, dum-dum-durum, hannuwa a aljihu. Ba ya da wani buri sai ya hau dandalin Damagaram da bas ta gaske a wuyanshi.

Ta kanti ta fi ƙarfinmu. Sai aka ba mu labarin Malam Barma, wani tsohon kafinta a Damagaram da ke aiki tare da mai gyaran rediyo. Shi ya sassaƙa jikin da itacen maɗaci, wancan ya naɗa siririyar waya a kan maganaɗisun lasifika, tsirkiya kuma a aiko daga Kano. Ba ya yin biyu iri ɗaya. Sai an kai mishi mai kaɗawar ya auna shi, kamar tela.

Muka hau kamiyo, babbar motar kaya, ni da Isufu. Na lura ya sa babbar riga kamar mai zuwa idi. Sai da muka hango duwatsun Damagaram ya faɗa mini Malam Barma kawu ne ga yarinyar da aka yi musu baiko. Na ce ai ya yi kyau, za a yi mana aikin gida.

Tun daga bakin zaure Isufu ya cire takalmi, ya durƙusa, ido a ƙasa. Tsohon ya ɗauko wani katako mai siffar gita ya ɗora mishi a cinya, ya sa wuyan a hannunshi na hagu, ya ajiye na dama inda tsirkiya za ta bi.

"Haka kake riƙe ta, ɗana?"

Isufu ya buɗe baki, ya rufe. Ni kuwa na saba amsa wa ɗalibi idan ya yi nawa a gaban mai duba makarantu. Na ce, "Haka yake riƙewa, Baba."

"Ka taɓa ganin shi, Mushe?"

"Ni ke kula da shi."

Gaskiya na faɗa, sai dai ba ita aka tambaye ni ba. Tsohon ya auna tsawon hannu, da tazarar yatsu, har da tudun ciki. Duk abin da ya ce, Isufu sai ya ce, "To, Baba."

Bayan damina Malam Barma ya kawo ta da kanshi, naɗe cikin bargo. Ja ce, tana ƙyalli, da maratayin fata aikin dukawa. Kumandan ya sa aka tada gurup, injin wutar birorinshi, bayan la'asar a filin gidan samari. Manyan gari suka zauna, 'yan lakwal suka yi layi. Na yi jawabi da Faransanci, na sake da Hausa don kada wani ya tsira. Na ce Turawa suna sayen gita kamar takalmin roba, kowa da irin na kowa, amma mu a Gure mun auna tamu a jikin mai ita, yatsa bayan yatsa, kuma ni da kaina na tsaya. Aka yi tafi.

Isufu ya rataya ta yadda aka auna shi, ya fara. Abin da ya fito daga ampili ya yi kama da raƙumi ana ɗora mishi kaya. Ya tsaya, ya share gumi, ya sake. Raƙumin ya sake. Kumandan ya juyo ya ce, "Mushe, wannan ne ɗan Yamai ɗin?"

Sai Ari tela, mai ganguna, abokin Isufu tun suna yara, ya ajiye sandunanshi. "Kai Isufu, don Allah daina wahalar da mu, juya ta! Ranka ya daɗe, bahago ne. An doke hannun nan a lakwal har ya koyi rubutu da allura da dama, amma kiɗa da hagu yake yi."

Na ce a hankali, "Ari, me ya sa ba ka faɗa mini ba?"

Shi kuwa da ƙarfi ya amsa. "Mun ɗauka ka sani, Mushe. Yanzu ka gama cewa da kanka ka tsaya."

Isufu ya juya ta. Tsirkiya ta koma kai ƙasa, wayar wuta na sukar shi a haƙarƙari, amma na ɗan lokaci muka ji abin da yake yi mana da baki, wannan karon a ƙirji. Wata tsohuwa ta fara guɗa. Sai damtsenshi ya gogi maɓallin sauti, wanda yanzu ya dawo ƙarƙashin hannunshi, kiɗan ya ɗauke. Gurup kaɗai ke ruri.

Malam Barma ya taso. "Ɗana, me ya hana ka faɗa?"

"Baba, ku kuka ɗora mini ita haka."

 Tsohon ya san ba a gyara wa suruki hannu, balle a ce mishi ana kiɗa da hagu. Sannan ya dube ni ya ce, "Mushe, sannu da kulawa." Ya naɗe gitarshi cikin bargo. Ya ce juya tsirkiya kwaskwarima ce, shi ba za a kaɗa aikinshi a kife ba, sai ya sassaƙa sabon jiki. Kumandan ya tashi bai yi mini sallama ba.

Muka je gasar ba bas. Isufu bai hau dandali ba, ya ce aiki ya yi yawa a asibiti, ni kuma ban iya kallon idonshi na ce ya zo ba.

Abin da zan ce muku shi ne, a aikinmu idan kuka yi tambaya mutum ya yi shiru, ku jira. Yawanci amsar tana bakinshi, wani ne a ɗakin ya hana ta fita, kuma ba daidai ba ne mai baki ya ara mishi tashi.

Gitar hagun ta iso da sanyi, ta fi ta farko kyau. A lokacin an riga an tura Isufu asibitin Bilma. Wanda ya gaje shi a orkes da hannun dama yake kiɗa.