Baba Wagiman da Gashin Kaza

Shekara talatin Baba Wagiman yana goge fentin mota a bayan kasuwarmu ta Semarang, har yatsunsa suka ƙage. Yakan ce baƙin fenti fatar jariri ne, ko farce bai kamata ya taɓa shi ba.

Kwana uku ya yi a kan motar Alhaji Darmanto, har ta koma madubi. Wallahi a gabana Alhajin ya zaro tsintsiyar gashin kaza, irin ta direbobi, ya hau share ƙura a kan busasshen fenti.

Baba ya ce, "Haba Alhaji! Ai yashi kake ja a kai!"

"Kai tsoho, motarka ce?"

Baba ya nuna masa zane-zanen da rana ta tona, kamar saƙar gizo-gizo.

"Taka ce, Alhaji. Amma gumin da ka kankare, nawa ne."