Kofi a Kujerar Gaba

Tahani ta fara jin sunan ne a gidan mai, kan hanyar saukowa daga Ta'if, da wani dattijo ya leƙo daga kujerar bayan mota: "Hadijatu, yalla, mu tafi mana!"

Hadijatu ko waige ba ta yi ba. Gajeriya ce, lalle har wuyan hannu, tana goge wani kofin azurfa da gefen abayarta. Ta zaunar da shi a kujerar gaba, ta ɗaura masa bel.

Ganin Tahani na dariya, ta matso. "Gasar balot ce ta dangin mijina, karta dai, ba caca ba. Duk ƙarshen mako ni ke zuba musu shayi, ba a taɓa cewa in zauna ba. Jiya mutum ɗaya bai zo ba, sai na zauna a gurbinsa."

"Sa'a ce," in ji mijin.

"Sa'ar ce ta mayar da kai baya, Alhaji."

Tahani na kallon yatsun nan, tana ayyana shekarun da suka yi riƙe da buta, ido na kan katin kowa.

Da Hadijatu ta ji su Tahani ma unguwar Utaibiyya suka nufa, sai ta kama hannunta. "In kun riga mu isa, 'yata, don Allah kada ki faɗa wa kowa. Ki bar ni in faɗa da bakina."