Zenko Tsuha da Kifin da Ba a Soka Ba

Duk tsibirinmu, nan kudancin Okinawa, babu wanda bai san Zenko Tsuha ba. Shekara talatin ya yi yana kurme da numfashinsa kaɗai, tabaron katako a ido, mashi a hannu, kuma in zai soki kifi a bayan ido yake sukarsa, ba ya ɓata tsoka. Da ƙirji ya fara yi masa gardama, hukuma kuma ta hana kamun kifi a duwatsun murjanin bakin gari, sai wata 'yar Tokyo mai suna Shiori ta buɗe shagon kai baƙi ƙarƙashin ruwa, ta ɗaura masa tukunyar iska a baya.

Kai, ka ga aiki! Ruwan da bai fi tsayin mutum uku ba, amma Zenko na riƙe da hannun ƙattin birni kamar 'yan tatata, yana marmasa burodi, kifaye na taruwa, su kuma suna ta ɗaukar hoto. In an fito suna santin kyan kifin, sai ya ce, "Wancan rawayan a soya shi. Mai ɗigo-ɗigon nan kuwa sai miya."

"Baba, don Allah ka daina dafa musu kifin nan," in ji Shiori. "Kallo suka zo."

Tauraron wurin wani ƙaton kifi ne shuɗi da ake ce wa irabucha, mai baki irin na aku, wanda baƙi suka laƙaba wa Gwamna. Hotonsa na kan allon shago, yana kan riguna. Shekara huɗu yana cin burodi a tafin Zenko, har ya zamana in wani ne ya miƙa masa sai ya juya wutsiya.

Ana nan sai mahaifiyar Zenko, tsohuwa Uto, ta cika casa'in da bakwai, aka sa ranar kajimaya, bikin da duk gari ke yi wa wanda ya kai wannan shekarun. Ta kira shi ta ce, "Ni ban da kifin kanti a bikina. Masunci na haifa, ko kuwa da gaske ne ka koma mai renon baƙi?" Maganar ta ci masa rai. Dama tsofaffin bakin jirgi sun daɗe suna ce masa mai ba kifi abinci a baki. In bai kawo kifin hannunsa ba, sunan nan ya zauna ke nan har kabari.

Safiya uku yana fita can bayan murjani da mashi, ƙirji na maido shi sama hannu wofi. Rana ta huɗu shago na hutu, ya saɓa tukunya ya faɗa inda aka hana. Kafin ya gyara riƙon mashi, sai ga Gwamna ya taho a guje, ya leƙa tafinsa, bai ga komai ba, ya cusa kai cikin jakar da Zenko ya saba zuwa da abinci a ciki yana neman burodi. Zenko ya ja bakin jaka kawai. Wallahi tausayi ya kama shi, ya yi kuka har tabarau ya dushe, amma bai saki ba.

Ranar biki aka dire kifin ɗungurungum a faranti gaban tsohuwa. Tsofaffi suka hau tafi, "Ashe da sauranka, Zenko!" Shiori tana cikin baƙi, shugaban masunta, mai tsare dokar hana kamun kifin, yana kusa da ita. Ta dubi farantin sau ɗaya, ta ajiye tsinken cin abincinta.

Tsohuwa Uto ta sa yatsa ta laluba bayan idon kifin. Ta sa aka juya shi, ta laluba ɗaya gefen.

"Zenko, ina ramin mashi?"

Ta ɗago kai ta kafe shi da ido.

"Ni za ka yi wa wayo? Shekara sittin ina fere kifin ubanka. A wane kanti ka samo shi?"

Zenko ya dubi shugaban masunta, ya dubi Shiori da idonta ya cika da ƙwalla, ya dubi kifin. Da wane baki zai ce kifin da kansa ya zo, don ya yarda da shi? Ya sunkuyar da kai.

"A kantin bakin tasha, Inna."